Gadon Jini da Tukunyar Miya

A zuriyar mahaifina maza ba su cika tsufa ba. Kakana bai cika shekara 50 ba ya faɗi a kan hanyarsa ta komawa gida daga kasuwa, kafin a kai shi inuwa rai ya yi halinsa. Baffana, wan mahaifina, yana da shekara 47 aka ɗauko shi daga gona. Mahaifina ya ɗan fi su nisan kwana, domin ya kai 54, amma a shekarunsa uku na ƙarshe ba ya iya zuwa masallacin Juma'a a ƙasa sai ya tsaya sau biyu ko uku ya dafe ƙirji. Duk sa'ad da aka yi irin wannan rashi, abin da ake faɗa a zauren gidanmu na Zariya ɗaya ne, wato kwana ya ƙare. A cikin gida kuwa, idan tsofaffin mata suka keɓe, sai su sassauta murya su ce akwai hannun wani a ciki. Maganar zaure ba ni da ja a kanta, kowane mai rai da ajalinsa. Ta cikin gida ce ta ɓata zumunci tsakanin ɗakuna biyu har na tsawon shekaru, ta kuma hana kowa yin tambayar da ta fi sauƙi: me ya sa ajalin mazan gida ɗaya yake shigowa ta ƙofa ɗaya, a kusan shekaru ɗaya?

Amsar tana cikin jininmu, kuma a jikina aka same ta, ni da nake mace, siririya, wadda ba ta taɓa sa taba a baki ba. A Ingila, inda aure ya kai ni, aka yi mini gwajin jini ina da shekara 36. Likitar ta duba sakamakon, ta tambaye ni shekarun mahaifina lokacin da ya rasu, sannan ta ce in cire takalmi. Ta latsa agarata, ta ji ta yi kauri. Ashe maiƙon da ya yi yawa a jini yakan taru a wannan jijiya ta bayan diddige, kamar yadda yakan yi farin zobe a gefen baƙin ido tun mutum yana da ƙuruciya. Bayan 'yan makonni gwajin ƙwayoyin gado ya tabbatar da abin da take zato: ina ɗauke da larurar yawan kolestarol ta gado.

Ya kamata a fahimci yadda abin yake aiki, domin a nan ne maganar abinci take samun gurbinta. Kolestarol wani irin maiƙo ne da jiki yake bukata. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin jiki, da shi kuma hanta take yin ruwan matsarmama mai taimakon narkar da abinci. Mafi yawansa jiki ne yake ƙera shi da kansa. Yana yawo a jini cikin wasu 'yan ƙunshi, kuma waɗanda likitoci suke kira LDL su ne masu illa idan sun yi yawa, saboda sukan kutsa cikin bangon jijiyoyin jini su kwanta, shekara da shekaru, har hanyar ta tsuke. Ran da wannan kwantaccen maiƙo ya tsage, jini ya daskare a kansa ya toshe jijiyar da take shayar da zuciya, ran nan ne mutum yake faɗuwa. A jikin hanta akwai wasu 'yan ƙofofi da aikinsu shi ne su kamo LDL daga jini su shigar da shi ciki. Kowa yana gadon ƙwayar da take gina ƙofofin nan sau biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mu tamu ta wajen uba ta sami tawaya, saboda haka rabin ƙofofin ne suke aiki, kuma tun daga haihuwa LDL ɗinmu yana kai ninki biyu na na sauran mutane. Wasu masana biyu na birnin Dalas a Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, su ne suka gano ƙofofin nan a shekarun 1970, aka kuwa ba su lambar yabo ta Nobel a 1985.

Larurar ba baƙuwa ba ce. An ƙiyasta cewa mutum 1 cikin kimanin 250 yana ɗauke da ita, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Duk ɗan da mai ita ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko ya tsira. Idan ba a yi magani ba, kusan rabin mazan sukan gamu da ciwon zuciya kafin su cika shekara 50. Mata sukan jinkirta da kamar shekara 10, shi ya sa a gidanmu aka ɗauka abin na maza ne. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. To, wannan gado ba a raba shi a gaban alƙali, kuma mace ba rabin na namiji take samu ba, cikakke take ɗauka.

Da na kira gida na ba da labari, sai na sami amsa iri biyu. Yayana, wanda yake kasuwanci a Kano, dariya ya yi. "Ke yarinyar nan," in ji shi, "in dai a jini abin yake, mene ne amfanin in hana kaina tsire? Abin da aka rubuta ai ba ya gogewa." Gwaggona kuwa, ƙanwar mahaifina, hankalinta ya tashi, amma ta wata fuskar. "'Yar nan, kada ki yarda su ɗora ki a kan ƙwaya har ƙarshen ranki. Tafarnuwa da zuma da garin zogale, safe da yamma. Wane kitse ne zai zauna?" Tun daga lokacin nake jayayya da su biyun, wani lokaci a waya, wani lokaci a zuci ina tsaye gaban tukunya.

Maganar Yaya ita ce ta fi yawa a bakin mutane, kuma an gwada ta. Yawancin gidajen da ciwon zuciya yake bi ba irin namu ba ne. Su ba ƙwayar gado ɗaya ce ta lalace musu ba, ƙananan bambance-bambance ne masu yawa suka taru, kowanne da ɗan nauyinsa. A 2016 wasu masana na birnin Boston suka wallafa bincike a kan mutum fiye da 55,000. Suka kasa su gida biyar bisa ga haɗarin da suka gada, sai suka ga kason da ya fi haɗari ya kusan ninka na ƙasa wajen kamuwa da ciwon zuciya. Daga nan suka duba halaye huɗu: barin taba, rashin ƙiba mai yawa, motsa jiki a kai a kai, da cin abinci mai kyau. A cikin masu mugun gadon kansu, waɗanda suka riƙe aƙalla uku daga halayen nan haɗarinsu ya yi ƙasa da kashi 46 cikin 100 idan aka gwada da 'yan'uwansu da suka yi sakaci. Mafi yawan waɗanda aka bincika Turawa ne, amma ban ga dalilin da zai sa jijiyar Bahaushe ta ƙi jin wannan magana ba. Game da masu irin larurarmu kuwa, hujjar ta fi kusa. Mai irin wanda yake daskarewa yana rage yawan ƙofofin hanta masu aiki. Wanda ƙofofinsa suka cika yana iya yin asarar wasu bai ji a jikinsa ba, amma mai rabi ba shi da rarar da zai yi wasa da ita.

Wannan ma'auni na daskarewa shi ne ya fi yi mini amfani a ɗakin girki, domin ba ya bukatar takarda. Duk man da aka ajiye a ɗaki ya yi tauri, a yi hattara da shi: man shanu, kakide, kitsen rago, man kwakwa, man alayyadi. Man ja yana tsakiya, kusan rabinsa mai daskarewa ne. Man gyaɗa, da na riɗi, da na zaitun, da na waken suya, duk nasu bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abinci a rana, mai larura irin tawa kuwa ana so ya yi ƙasa da haka.

A takarda abin da sauƙi. A baki, man shanu ne ya fi wuyar rabuwa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ƙamshinsa idan an soya shi da albasa, ya san yadda yake narkewa a kan miyar kuka mai zafi ya zagaye malmalar tuwon dawa. Kuma a gidanmu man shanu daraja ne. Idan ana rabon tuwo, akushin maigida ake fara zubawa, shi ake malala wa man shanu, shi ake tsamo wa nama mai kitse da ɓargo. Yara da mata sai abin da ya saura. Na daɗe ina tunanin wannan rabo. Iyayenmu mata da ƙauna da girmamawa suke yin sa, ba wanda ya taɓa gaya musu wani abu dabam, amma sakamakonsa shi ne mafi maiƙon abin da ke cikin tukunya yana tafiya kullum ga mutumin da jijiyoyinsa suka fi kowa rauni. Har yau, a gidaje da yawa, matar da ta miƙa wa mijinta miya ba mai yana yawo a kanta za a ce ko rowa ko rashin iya girki.

Ni yanzu cokali biyu na man gyaɗa nake sa wa tukunyar da za ta ishe mu kwana biyu. Man ja ɗan kaɗan, don launi da ƙamshi. Man shanu ya koma baƙon Sallah. Nama nakan yanke kitsensa tun yana ɗanye, in dafa shi da dare, in bar romon ya kwana a firji, da safe in kwashe farin kitsen da ya taso ya daskare a sama. Duk wanda ya ga yawan abin da ake kwashewa daga romon rago sau ɗaya ba ya bukatar a sake yi masa wa'azi. Kaza a cire fata. Ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda na bar su sai jefi-jefi, domin kolestarol ɗinsu yana da yawa. Kifi ya shigo sau biyu a mako, kuma na gwangwani mai araha, irin su sadin, bai gaza mai tsada ba. Tsiren Yaya ma ba ƙuli-ƙulin ne abin tsoro ba, gutsattsarin kitsen da ake jerawa tsakanin tsoka da tsoka ne, da gishirin da ke cikin yaji.

Akwai wani bincike da ya ba ni dariya ranar da na fara karanta shi. A 2003, a birnin Toronto na Kanada, Farfesa David Jenkins da abokan aikinsa suka ɗauki mutum 46 masu yawan kolestarol, suka kasa su gida uku na tsawon wata ɗaya. Kaso ɗaya aka ba su abinci marar maiƙo kawai, kaso na biyu aka haɗa musu da ƙwayar magani, na uku kuwa aka ba su wani tsarin abinci na musamman ba tare da magani ba. LDL na masu magani ya sauka da kusan kashi 31 cikin 100, na masu tsarin abincin ya sauka da kusan kashi 29. Da na duba abin da aka ciyar da su, sai na ga waken suya, da 'ya'yan almon, da sha'ir, da wani sinadari na tsirrai, sai kuma kuɓewa da yalo. Kuɓewa! Miyar da wasu 'yan birni suke jin kunyar ba baƙo, ita ce masana suka auna a ma'auni suka sa a jerin magani. Sirrin yana cikin yauƙin. Idan ya shiga hanji yakan riƙe ruwan matsarmama ya fice da shi, sai hanta ta nemi kolestarol don yin sabo, ta janyo shi daga jini. Irin wannan abu yana cikin wake da sha'ir, ko da yake ido ba ya ganin yauƙinsu. Sai dai a 2011, da aka sake gwajin mutane suna dafa wa kansu a gida har wata shida, saukar ta tsaya a wajen kashi 13. Wanda aka dafa wa aka miƙa dabam, wanda zai shiga kasuwa da kansa dabam.

Duk da haka abin ya sa na sake duban cimar da muka tashi da ita. Dawa da gero, wake, kuka, kuɓewa, karkashi, rama, zogale, yakuwa, kabewa; dambu da fate da ɗanwake da alale. Ga garau-garau, wanda 'yan'uwanmu na zangon Kumasi da Akara suke yin irinsa su kira shi waakye, sunan ma daga kalmarmu ta wake ya fito. Ga fura da nonon da aka kaɗe aka cire masa mai, in ba a cika masa sukari ba. Kusan duk abin da likitocin zuciya suke roƙon mutane su ci yana nan, da ma muna da shi. Mu ne muka matsar da shi gefe muka kawo farar shinkafa da burodi da taliya da lemon kwalba. Ko hatsin ma, idan aka surfa shi aka bakace, mafi amfaninsa yana tafiya cikin dusa, awaki su ci. Ni nakan sa a niƙa mini dawa da gero ba tare da surfe mai yawa ba. Tuwon ya fi duhu, yara sun yi ƙorafi mako biyu, suka saba.

Sai gishiri, wanda gado na biyu ya sa ya zama dole in yi maganarsa, domin dangin mahaifiyata hawan jini ne yake binsu. Likitoci sun daɗe da lura cewa a Amurka da Ingila mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne hawan jini ya fi kama su da wuri, kuma jininsu ya fi saurin hawa idan gishiri ya yi yawa. Hawan jini da yawan kolestarol idan suka haɗu a jijiya ɗaya, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, alhali abin da mutanen duniya suke ci ya haura ninki biyu na haka. Namu gishirin ba a hannu kaɗai yake shiga ba. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, kuma mai karatu ya ƙirga guda nawa ake marmasawa a tukunyar dafa-duka ɗaya, kafin a kawo yaji da shi ma an daka shi da dunƙule. Kilishi haka. Wanda yake zaune a Turai ko Amurka kuwa, burodi da abincin gwangwani sun riga sun ci masa rabin kasonsa kafin ya ɗora tukunya.

Kanwa tana da nata labari, kuma a garinmu aka rubuta shi. Sunan da ake kiranta da shi a Turancin Najeriya yana nuna fotasiyam ce, alhali sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, wato sinadarin nan na gishiri mai tayar da jini. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka yi nazarin matan Zariya da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Suka danganta yawan abin da kunun kanwa mai kauri da masu jego suke sha kwana 40, haɗe da zafin wankan jego da na gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna lamarin bai tsaya ga kanwa kaɗai ba, har da talauci da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Amma ga wadda hawan jini yake bin danginta, darasin bai canza ba. Lokacin jegona na biyu Inna ta so ta aiko mini da kanwa ungurnu. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki aiko mini da daddawa a madadinta." Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai ta yi jego bakwai da kanwa. Daddawar ta zo, ƙulli uku a cikin gwangwanin madara.

Daddawar kalwa ita ce ta cece ni a maganar ɗanɗano. Idan ta ji a miya, ga citta da masoro da kimba da tafarnuwa, ga tsamiya ko lemon tsami a inda ya dace, rabin dunƙule ya isa inda da ake sa huɗu. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har abincin waje ya koma yi wa mutum zartsi. Ribar kuwa an auna ta. A 1997 aka wallafa wani gwaji a Amurka mai suna DASH, na mutum 459, kusan kashi 60 cikin 100 baƙaƙen fata. Waɗanda aka ba abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da madara marar mai, in da ma suna da hawan jini, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan 11, kuma baƙaƙen fata sun fi amfana. Da aka haɗa da rage gishiri a gwajin 2001, ta ƙara sauka. A ƙasar Sin, a ƙauyuka 600, an ba mutum kusan 21,000 ko dai gishirin da aka saba, ko wanda aka maye kashi ɗaya cikin huɗu nasa da fotasiyam. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Irin wannan gishiri bai dace da mai ciwon ƙoda ba, kuma mai shan maganin hawan jini sai ya tambayi likita.

Zoɓo ma an gwada shi a Boston a 2010: kofi uku a rana har mako shida ya sauke lambar sama da kusan 7. Na gwajin ba irin namu na biki ba ne da ake juye wa mudun sukari. Mazauna Masar da Saudiyya kuma su lura da baƙin abin shan nan na azumi da ake kira irƙ-sus, domin saiwar da ake jiƙawa tana tayar da jini.

Duk wannan zai yi wa Gwaggo daɗi, in ban da abu ɗaya da nake tuna mata. Kakana tuwon dawa da miyar kuka ya ci duk rayuwarsa, a ƙasa yake tafiya, bai taɓa ganin lemon kwalba a gidansa ba, kuma bai cika 50 ba. Gyaran abinci, komai ƙoƙarin mutum, yawanci kashi 10 zuwa 20 cikin 100 yake sauke LDL. Mai larura irin tamu ana so nasa ya sauka da rabi ko fiye. Tazarar da ke tsakani magani ne yake cike ta. Ƙwayar da Gwaggo take tsoro, wato sitatin, wani masani ɗan Japan mai suna Akira Endo ne ya fara samo irinta daga funfuna a shekarun 1970, aka fara sayar da ita a Amurka a 1987. Aikinta shi ne ta rage kolestarol da hanta take ƙerawa, sai hantar ta buɗe ƙarin ƙofofi ta nemo shi daga jini. A ƙasar Holan an bi yara 214 masu larurar da aka fara ba maganin tun suna ƙanana, har shekara 20. Rahoton 2019 ya nuna cewa kafin shekara 39, kashi 1 cikin 100 nasu ne ya gamu da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini, alhali a cikin iyayensu da suka gada daga gare su kashi 26 ne. Tafarnuwa tana cikin miyata, zogale yana cikin dambuna, ƙwayar kuma ina shan ta kowane dare. Lokacin goyon ciki da shayarwa ne kaɗai likita ta dakatar da ita, kuma a watannin nan tukunya ce kawai makamin da ya rage mini.

Jini ba sharri kaɗai yake gadarwa ba. A 2006 masana na Dalas suka ba da labarin wasu baƙaƙen fata na Amurka, kamar 2 ko 3 cikin 100, da suka gaji wani bambanci mai sa ƙofofin hantarsu su daɗe suna aiki. LDL ɗinsu ya yi ƙasa da na sauran da kashi 28 cikin 100 kacal, amma cikin shekara 15 da aka bi su, ciwon zuciya ya ragu musu da kashi 88. Dalili shi ne tun daga haihuwa suke da wannan rangwame. Ɓarnar LDL taruwa take yi, yawansa da tsawon shekarunsa duk lissafi ne, saboda haka ragi kaɗan da aka fara da wuri ya fi ragi mai yawa da aka fara bayan jijiya ta tsuke. Wannan ne ya sa ban ɗauki kashi 13 na kuɓewa da wake abin rainawa ba.

Abin da ya fi wuya yana gidan mutane. A wajenmu wanda aka kawo wa abinci ya ƙi ci ya yi laifi, wanda ya ce yana da larura a gaban jama'a kuma ya tona asirin gida, musamman gidan da ke da 'yan mata da ba su yi aure ba. Wata 'yar'uwata ta roƙe ni kada in bari maganar ta fita saboda wannan. Na fahimce ta, amma na ci gaba da kiran 'ya'yan Baffa ɗaya bayan ɗaya ina cewa su je a auna jininsu, domin gwajin bai fi ƙarfin talaka ba, kuma wanda LDL ɗinsa ya haura 4.9 a ma'aunin Ingila, ko 190 a na Amurka, sai a bincika. A gidan biki nakan ci, in ɗebi shinkafa da ganye, in ɗauki tsoka ɗaya, ba wanda yake lura. Da layya nakan gasa kasona maimakon in soya shi cikin kitsensa, kakiden kuma ba ya shiga gidana. Yaya ya yarda an auna shi bayan shekara biyu ina naci, kuma yana ɗauke da larurar. Yana shan magani wata ɗaya, ya bari wata biyu. Matarsa ce ta fi ji. Ta rage man miya a hankali har bai gane ba, ta ce mini kada in kuskura in gaya masa.

'Ya'yana biyu ne. A Ingila shawarar likitoci ita ce a gwada ɗan mai larurar kafin ya cika shekara 10, kuma an gwada su. Namijin ya tsira, macen ta ɗauko. Ban raba musu tukunya ba, domin yarinyar da aka ware wa kwano nata dabam za ta tashi tana ganin kanta majinyaciya, kuma abin da ya dace da ita bai cutar da ɗan'uwanta ba. Ta fara shan ƙwayarta da ta cika 10. Ta iya kaɗa miyar kuɓewa, ta san dalilin da ya sa ake barin romo ya kwana a firji. Duk lokacin da wani ya zo daga gida ya kawo tsarabar kilishi, takan dube ni. Yanki ɗaya take samu, ran Juma'a, sauran a raba wa maƙwabta.